Mai zuba madara da ɗakin Kakata

A lakwal, in aka ce wane ya yi kopiye, abin kunya ne. Sifiri za a ba shi, wani lokaci har a kira uwayensa. Da wannan tsoron muka taso tun daga firamare har jami'a, kowa na rufe kayensa da hannu kada na kusa ya leƙa. Amma duk wanda ya zauna gaban malamin allo ya san wani irin kwaikwayo da ba a jin kunyarsa. Malam ya rubuta, kai ka bi sawun alƙalaminsa, ka wanke allon, ka sake, har hannunka ya saba. Yaron tela ma yakan farke tsohuwar riga don ya ga yadda aka haɗa ta. Ta irin wannan hanyar na koyi zane da fentin mai. Wata huɗu na yi ina kwaikwayon wani hoto da aka zana a ƙasar Holan fiye da shekara 350 da suka wuce, kuma ruwan sama ne ya kai ni gare shi.

Ƴan Damagaram ba za su manta da damanar 2024 ba. A watan Satumba tsohon masallacin Birni, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Gidajen ƙasa da yawa sun bi shi. Namu bai faɗi ba, amma bangon gabas na ɗakin Kakata ya tsage tun daga azara har ƙasa, tsagar da hannun yaro ke shiga. Kawunnaina suka zauna suka yanke shawara: za a tokare bangon a yanzu, in kuɗi sun taru a rushe ɗakin kafin wata damana, a yi na siminti da rufin kwano. Ba wanda ya yi musu gardama, ni ma ban yi ba. Ba a barin tsohuwa ta kwana ƙarƙashin bangon da ke jiran ruwa ɗaya.

Sai dai a ɗakin nan aka haifi Innata, a ciki aka yaye ni. Na ɗauki hotonsa da waya ya fi sau hamsin. Ɗaki ne mai duhu, haskensa daga ƙofa yake zuwa da wata ƴar taga da ba ta fi faifai ba. In waya ta kama ƙofar, sauran ɗakin ya zama baƙi ƙirin. In na kunna fitilarta, komai ya fito fayau kamar shagon kwanuka a kasuwa. Abin da idona ke gani in na shiga da hantsi, wayar ba ta ganinsa. Tun ina kwaleji nake zane da bik a bayan kaye, sai na ce bari in gwada zana shi da launi.

Akwai wani dattijo kusa da kasuwar Dole da ke rubuta allunan shaguna. Rabin kawunan da kuke gani a ƙofar masu aski a garin nan hannunsa ne. Da fentin gwangwani yake cin abinci, amma an ce mini ya iya na tablo tun yana saurayi. Na je na gaishe shi, na faɗa masa buƙatata. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Ɗiyata, ɗaki ba ya tsayawa. Ki fara da safe, kafin ki haɗa launi ɗaya rana ta matsa, inuwa ta koma wani wuri. Wanda bai iya ba, haske ne ke wahal da shi. Ki fara da ɗakin da wani ya riga ya tsayar."

Ya jawo wani tsohon littafi marar bango daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe shafin da ya sha hannu har gefensa ya yi baƙi.

Wannan ɗan littafin namu fotokopi ne, ko na sa hoton toka-toka za ku gani. Ku nema a waya: La Laitière, na Johannes Vermeer. Mutumin garin Delft ne, an haife shi a 1632, ya rasu a 1675. Zanen nan ya yi shi wajen 1660, kuma tun 1908 yana gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam. Ƙarami ne, tsawonsa santimita 45 da rabi, faɗinsa 41, bai kai faɗin tabarmar salla ba.

Mace ce tsaye a kusurwar ɗaki, ƴar aikin gida, kakkaura, ta naɗe hannun riga. Rigarta rawaya, ta ɗaura shuɗin ƙyalle a kan jan zane, kanta da farar hula. Tana zuba madara daga tulun ƙasa zuwa cikin kasko. A kan tebur akwai kwandon burodi da gutsattsarinsa. Haske na shigowa ta taga daga hagu, kuma ɗaya daga cikin gilasan tagar ya fashe. Bayanta bango ne fari, babu komai sai ƙusa da ramukan ƙusoshin da aka cire. A ƙasa akwai ɗan akwatin katako da ake sa garwashi a ciki don ɗumama ƙafa. Shi ke nan. Babu sarki, babu doki, ba ta ma kallon mai kallonta. Idonta na kan madarar.

Na ce, "Baba, wannan ai mai sauƙi ne."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in dawo da allo.

Kafinta ya yanko mini falanki daidai girman na asali. Muka shafe shi da gam ɗin kafinta da aka tsinka da ruwa, ya bushe, muka bi shi da farin fenti sau biyu, muka goge da takardar yashi. Fentin kuwa wani ɗan ajinmu ne ya sayo mini a Yamai da kuɗin da na tara na bursu: tib shida, ƙanana kamar man goge haƙori. Fari, rawaya mai haske, rawayar ƙasa, jan ƙasa, ruwan ƙasa mai duhu, da shuɗi. Na tambayi Baba ina baƙi. Ya ce in haɗa shuɗin da ruwan ƙasar. Na haɗa, sai ga baƙi, kuma baƙin da nake iya karkatar da shi: in ƙara shuɗi ya yi sanyi, in ƙara ƙasa ya yi ɗumi.

Darasin farko a kan mai ne. Fentin mai garin launi ne da aka niƙa cikin man lin, man da ake tatsa daga irin wani tsiro da Turawa ke saƙa zarensa. Ruwa in ya bushe tashi yake yi ya bar wurin. Man lin ba ya tashi, iska yake sha a hankali har ya daskare ya zama fata. Shi ya sa yake ɗaukar kwanaki. Mu ƴan ƙasar gyaɗa, tambayar da ke zuwa bakin kowa ita ce ko man gyaɗa zai yi. Baba yana da amsa a rataye: wani ɓallin gilashi da ya shafa wa launi da man gyaɗa tun kafin babbar salla. Ya ce in taɓa. Yana nan danƙo-danƙo, ƙura ta manne masa.

Darasi na biyu, shafen ƙasa ya zama marar mai, na sama ya fi shi mai. Ana tsinka na farko da terebantin ya yi ruwa-ruwa, ya bushe da wuri. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, sai zanen ya tsattsage kamar tabkin da ya ƙafe.

Na yi fotokopin shafin na ƙara masa girma, na ja masa layuka gida-gida kamar na dara, na ja irinsu a kan allon. Gida bayan gida na kwashe siffar da fensir. Daga nan Baba ya hana ni taɓa kowane launi sai ruwan ƙasa. Sati uku ina zana matar da ɗakinta da launi ɗaya, ina neman inda ya fi duhu, inda ya fi haske, da abin da ke tsakani. Ya ce in wannan ya tsaya, ko da launin banza aka rufe shi zanen zai tsaya. In bai tsaya ba, ko zinariya aka shafa aikin banza ne.

Bangon ne ya fi cin lokacina. Kowa zai ce fari ne. Baba ya huda ƴar ƙofa a tsakiyar farar takarda, ya ce in riƙa ɗora ta a kan bangon hoton wuri-wuri. Kusa da taga, abin da ya leƙo ta hudar toka ne mai duhu da ɗan kore-kore. A tsakiya ruwan madara ne. Can dama ya yi haske ƙwarai, amma ko nan in ka gwada shi da farar takardar sai ka ga da rawaya a ciki. Farin da ke fitowa daga tib kai tsaye kusan ba shi da wuri a bangon. Na kuma lura da dabarar mutumin: gefen matar da haske ya buga, ya sa shi a gaban bango mai duhu, gefenta mai inuwa kuma a gaban bango mai haske. Shi ya sa take fitowa kamar za ka zagaya bayanta. Sati biyar na yi a kan bangon da na ce babu komai a kansa.

Hunturu ya same ni a tsakiyar aikin. Wanda bai taɓa ajiye ɗanyen fenti a watan Disamba a Damagaram ba bai san yawan ƙurar da muke shaƙa ba. Dare ɗaya ya isa shuɗi ya koma ruwan toka. Baba ya koya mini in jingina allon fuskarsa na kallon bango, in kifa babban kwali a kai. Innata ta ba ni tsohon zaninta na rufe kwalin. Burushi kuwa da kananzir nake wankewa sannan da sabulu, har ƙannena suka sa mini suna mai gyaran fitila.

Shuɗin nan yana da labari. A zamanin Vermeer daga wani dutse ake niƙa shi, dutsen da ake haƙowa a tsaunukan Badakshan na Afganistan, ya ratsa ƙasashe da teku kafin ya iso Holan. Yana cikin launuka mafi tsada a lokacin. Sai wajen 1828 aka gano yadda ake haɗa irinsa a masana'anta a Faransa, wanda shi ne ke cikin ɗan tib ɗina. Wato mutumin ya ɗauki launin da masu zane da yawa ke tattali don tufafin manya, ya zuba shi a ƙyallen da ƴar aiki ke goge hannu. Shi kansa ba mai kuɗi ba ne a ƙarshe. Zanensa da aka sani ba su kai 40 ba. Ya rasu yana da shekara 43, ya bar mata da ƴaƴa 11 da bashi, har matar ta miƙa zane biyu ga mai gidan burodi saboda bashin burodin da suka ci. Tun da na san haka, in na zo kan ɗigo-ɗigon farin fentin da ya yayyafa a ɓawon burodin don ya yi ƙyalli, nakan tuna da mai burodin.

Zaren madarar shi na bari ƙarshe. Siriri ne, yana ɗan murɗewa kafin ya shiga kaskon. Baba ya ce ba a gyara shi, ja ɗaya ake yi. Ya sa na je na zauna ina kallon Kaka tana zuba nono daga ƙwarya zuwa ƙwarya in za ta dama fura. Kwana uku ina kallo, ina ja a kan tsohon kwali. Ran na huɗu na ja a kan allon.

A gida ba kowa ne ya ji daɗin aikin ba. Babban kawuna ya ga allon a jingine, ya ce zanen mai rai ba abin da ake so ba ne, kuma ba ya so a rataye shi a gidan. Cikin natsuwa ya faɗa, ni ma ban ɗaga murya ba. Na san malamai sun yi magana mai yawa a kan wannan, ni kuwa ba malama ba ce. Muka tsaya a kan cewa kwafin zai zauna a shagon Baba in na gama. Can yake har yau, tsakanin allon mai aski da na mai gyaran waya.

Kafin in kai shi na nuna wa Kaka. Ta riƙe shi nesa da fuska, ta daɗe tana dubawa.

"Kishiya, wannan ɗiyar wa take wa aiki?"

Na ce ban sani ba, ba a rubuta sunanta ba.

"Ƙarfi gare ta. Dubi damtse. Amma mutanen gidan ba su da kirki, sun bar ta cikin sanyi ga kasko can a ƙasa ba wanda ya matso mata da shi." Ta ƙara kallo. "Kuma mi ya sami bangonsu? Ko kwano ɗaya babu. Ba a yi wa uwar gidan jere ba?"

Na yi dariya, amma Kaka ta taɓo wani abu. A 2022 masu bincike a gidan tarihin nan sun haska zanen da na'urori, suka ga cewa da farko Vermeer ya zana wani katako a bangon, bayan kan matar, wanda ake rataye tuluna a jiki, da wani babban kwando a ƙasa. Daga baya ya shafe su. Jeren ya kasance, shi ya kwashe shi don ido ya tafi kan matar da madararta. Da na faɗa wa Kaka sai ta ce, "To, nawa kada ki kwashe ko murfi."

Tambayarta ta farko ta bi ni kwanaki. A Birni da Sabon Gari da Zango, gidaje nawa ne ke da yarinyar da aka kawo daga ƙauye, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya? Mu ɗalibai muna shan kunun da ta dama mu wuce amfi. Wata huɗu na yi ina auna gwiwar hannun wata ƴar aikin Holan da ta rayu tun kafin a kafa sarautar Damagaram. Ban san wanda ya taɓa zama ya kalli tamu ko na awa ɗaya ba.

A watan Fabrairu na shiga ɗakin Kaka da sabon allo. Nan na ga iyakar abin da kwaikwayo ke bayarwa. Hannuna ya san yadda ake haɗa launi, ya san a fara da ruwan ƙasa, ya san inuwa ba baƙa ba ce. Amma hasken Holan mai laushi ne, ta gilashi yake shigowa daga sama ya bazu a farin bango. Namu ta ƙofa yake faɗowa kamar an watsa ruwan zafi, ya bugi daɓe, sannan ya tashi sama. Saboda haka a ɗakin Kaka ƙasan abubuwa ne ke da haske: gindin randa, cikin azara, ƙasan langunan da ke jere. Kuma hasken ja ne, don daga jan daɓe ya taso. Bangon ma ba shi da kusurwa mai kaifi irin ta Vermeer, hannun magini ya shafe shi, har sawun yatsunsa na nan. Wannan babu shi a littafin Baba. Da na kai masa kuka sai ya ce, "Nan kuma ni ma ɗalibi ne. Je ki ki gani, ki zo ki faɗa mini."

Na zaɓi lokaci ɗaya, daga ƙarfe tara zuwa goma da rabi na safe, ranakun da ba ni da darasi. In lokacin ya wuce na rufe fenti ko da hannuna na ƙaiƙayi. Na zana gadon ƙarfe da labulensa, adudu a kan akwati, randa da moɗa a bakinta, kaskon turaren wuta, maburgi a soke cikin azara. Jeren ya ci mini sati uku: langa 24, kowace da furenta, kowace da ɗan hasken ƙofa a gefenta na dama. Kaka na zaune a bakin gado tana ƙirga su da ni, tana faɗa mini wadda aka kawo daga Kano da wadda ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli. Tsagar bangon ma na sa ta, da itacen da aka tokare ta da shi. Innata ta ce in bar ta, mi ne ne amfanin tuna abin tsoro. Kaka ta ce a sa, ai ita ma ƴar ɗakin ce yanzu.

Ita kanta Kaka ba ta cikin zanen. Na roƙe ta sau biyu, ta ce ita ba ƴar aikin Nasara ba ce da za ta tsaya wata huɗu da ƙwarya a hannu. Maganar kawu ma tana nan. Sai na zana tabarmarta a inda take shimfiɗa ta, da takalmanta a bakin ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya yadda take cire su, da ƙwaryar fura a rufe da faifai.

An rushe ɗakin a watan Mayu. Kwana biyu aka yi. Sabon ya fi faɗi, yana da taga ta ƙarfe da fitilar lantarki, ba ya yoyo. Da rana zafi ke korar Kaka zuwa gindin bedi, da dare kuwa tana barci ba tare da Innata ta tashi duba bango ba. An mayar da jeren cikin kabad mai gilashi.

Zanen ba gwanin kyau ba ne. Ƙafar gadon ta gaba ta fi ta baya tsawo, kuma Baba ya ce randar kamar za ta gangaro. Amma kawu da kansa ya buga masa ƙusa a sabon bangon, tun da babu mai rai a ciki. In baƙi sun zo, Kaka takan nuna musu da sandarta inda kowane abu yake a da, har da abin da ban zana ba.

Yanzu ina aiki a kan madafar gidanmu, da murhu da tukwane da hayaƙin da ya baƙanta bango. Yarinyar da ke taya Innata aiki ta ce in na iya hannu sosai in zana nata hannun yana tuƙa tuwo, ban da fuska, ta kai wa uwarta a ƙauye. Launin fatarmu wani karatu ne da matar Holan ba ta koya mini ba, ina ta gwaji da jan ƙasa da shuɗi a bayan kwali. Farin fentina ya kusa ƙarewa. Duk wanda zai je Yamai ko Kano a cikinku, don Allah ya neme ni kafin ya tafi.